Wace kalma za mu ba "global data" a Hausa?

1/ 'Yan uwa masu harkar lantarki a Gombe da Bauchi, muna rubuta darasin U-Boot (manhajar da ke tayar da allon na'ura idan an kunna shi) da Hausa, mun tsaya a kan abin da ake kira "global data", a taƙaice gd. Ga matsayata.

2/ Da an kunna allo, furosesa na fara aiki tun DRAM, wato babbar ma'adanar aiki (RAM) ta allon, bai tashi ba, sai an saita shi tukuna. A alluna da yawa manhajar na gudana ne daga filash (ma'adanar da ba ta gogewa idan an kashe wuta), inda ake karantawa amma ba a rubutu kai tsaye. To ina za a ajiye saurin sadarwar siriyal (hanyar da allon ke aika rubutu zuwa kwamfuta), da girman RAM da aka gano? U-Boot kan ware ɗan wuri a SRAM (ƙaramar ma'adana) ɗin cikin guntu, ko a kash (ma'adanar wucin gadi mai sauri) ɗin furosesa, ya tara su a dunƙule ɗaya; wannan dunƙulen shi ne gd.

3/ Adireshin wurin yana zaune a rajista (ɗan gurbin ajiya a cikin furosesa) guda da aka hana kompaila (manhajar da ke juya rubutun shiri zuwa harshen na'ura) taɓawa: r9 a furosesan ARM mai bit 32, x18 a mai bit 64, gp a RISC-V. Idan DRAM ya tashi, U-Boot ya kwafi kansa da dunƙulen zuwa saman RAM, ya sabunta rajistar.

4/ Wani ƙanenmu ya kawo "bayanan duniya". A'a, ɗalibi zai zaci labaran rediyo ne. Malam daga Bauchi, Allah ya ƙara lafiya, "gama-gari" da kuka ce ta fi kusa, sai dai a bakinmu tana nufin abin da ba shi da wata daraja ta musamman, alhali idan wannan dunƙule ya lalace allon ko harafi ɗaya ba zai buga ba. "Tarayya" kuwa gwamnati ta riga ta cinye ta.

5/ Ni na zaɓi "bayanan gandu". Gandu gonar gida ce, kowa na shiga ya yi aiki ya ci daga cikinta, kuma ɗaya ce tak. Ta zo mana da abokiyar tafiya: abin da aiki ɗaya ya keɓe wa kansa sai mu ce "bayanan gayauna", don gayauna ita ce 'yar gonar da mutum ɗaya ke noma wa kansa.

6/ A darasin za mu rubuta: "r9 na riƙe da adireshin bayanan gandu, kada ka taɓa ta." Malam, idan kun amince, haka zai shiga babi na biyu.