"Dara ta ci gida": a ina maganar ta dace a wasan Into the Breach?

Mai gyaran waya, Wadata: Jama'a, mai neman wasan da zai gasa masa ƙwaƙwalwa ya nemi Into the Breach, na kamfanin Subset Games, 2018. Fili ne mai gida takwas tsaye takwas kwance, kana da motocin yaƙi uku, abokan gaba manyan ƙwari ne da ake kira Vek, aikinka shi ne kare gine-ginen gari daga gare su. Bi da bi ake yi kamar dara, kuma ƙwaron yana nuna maka inda zai buga kafin ya buga. Na ji ana cewa "dara ta ci gida" duk lokacin da gini ya faɗi. Haka maganar take?

Tsohon ɗan dara, Tawa: A'a, ɗana. In abokin wasa ya fi ka iyawa, cinye ka ya yi, shi ke nan. Dara ba ta cin gida sai dabararka ta juyo ta sami naka.

Malamin lissafi, Yamai: To Baba, maganarka ta zauna daidai a kan motar igwa, ɗaya daga cikin motocin yaƙin wasan. Harsashinta yana cire maki 1 inda ya sauka, amma yana ture duk abin da ke gidaje huɗu na kewaye. Ka harba don ka kawar da ƙwaro daga wani gini, sai turin ya haɗa wani ƙwaron da ginin maƙwabta. Karon kansa ɓarna ne, kuma in gini ya ɓaci wutar lantarkin gari ta ragu. Wutar nan kuwa ita ce ranka, ba ta dawowa don an gama faɗa, in ta ƙare wasa ya tashi. Kuskuren da ya fi yawa: mantawa cewa ƙwaro in an ture shi, bugunsa yana tafiya tare da shi. Ka raba shi da gini ɗaya, ka saita shi kan biyu.

Mai gyaran waya: In na tsayar da motata a gaban gini ta sha bugun fa? Ai nawa aka ci.

Tsohon ɗan dara: Da saninka ka bayar. Wannan ciniki ne.

Malamin lissafi: Kuma ciniki mai riba, don mota tana warkewa bayan faɗa, sai dai in ta mutu ka rasa direbanta. Haka tsayawa kan ramin da ƙwaro zai ɓullo: maki 1 ka biya, ka toshe shi. Kafin ka harba komai, duba jerin wanda zai fara bugu cikinsu, don sau da yawa ƙwaro ne zai kashe maka ɗan'uwansa. Tafiya tana warwaruwa in ba ka yi harbi ba, amma maido da zagaye gaba ɗaya sau ɗaya ne a faɗa.

Wata ɗaliba, Harobanda: Malam, a ƙara da wannan: tura ƙwaro cikin ruwa yana kashe na ƙasa ne kawai. Mai fiffike yana nan daram, kuma yanzu ginin da ke bakin ruwa yake kallo.

Tsohon ɗan dara: Yawwa 'yata. Nan kam ta ci gida.