Antibodin PD-1 ya iso Katsina da ɗumi: wa ya taɓa fuskantar haka?

Ɗalibar digiri na biyu, Katsina:
Assalamu alaikum malamaina. Ina bincike kan PD-1, wato CD279, furotin da ke saman ƙwayoyin T (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini) yana taka wa garkuwar jiki birki, wanda Tasuku Honjo ya gano a 1992. Antibodin da na yi oda, wato sinadarin da ke manne wa PD-1 don a gano shi, ya iso cikin zafin Afrilu, na buɗe kwalin na tarar ƙanƙarar ta narke, har kwalbar ta yi ɗumi a tafin hannuna. Da na gwada shi a injin saitomita, mai auna hasken ƙwayoyin da antibodi ya manne wa, ban ga wani haske ba, kuma kuɗin bincikena ba zai sayi wani ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗa mini abin da ya gani.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Daura:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kada ki yi saurin zubar da shi, domin na taɓa karɓar wanda ya kwana biyu babu sanyi kuma ya yi aiki. Wanda ya lalace a hannuna sanyi ne ya lalata shi: saboda tsoron ɗaukewar wuta na sa shi a firiza, alhali rinin PE mai ba da haske da ke jikinsa ba ya jure daskarewa. Wurinsa firji ne, tsakanin digiri 2 zuwa 8, a naɗe cikin takardar alminiyom don kada haske ya taɓa shi. Har yau ina jin zafin wannan asara, domin jinin mutum goma sha biyu da suka amince suka miƙa mini hannu ya tafi a banza. Ki ɗiga antibodinki kan ƙwayoyin roba na daidaita inji, waɗanda ke kama antibodi. Idan suka yi haske, rinin bai mutu ba. Sannan ki motsa ƙwayoyin T da PHA, sinadarin da ke tayar da su, na kwana biyu ko uku, saboda PD-1 ba shi da yawa a jinin mai lafiya sai an tayar da ƙwayoyin.

Malamar jami'a, Katsina:
Malam ya faɗi gaskiya. Ni da CTLA-4, wani furotin birkin na ƙwayoyin T, na sha wahala, na yi wata guda ina zargin mai sayarwa, daga baya na fahimci cewa yawancin wannan furotin a cikin ƙwayar yake ɓoye, sai an huda bangonta kafin antibodi ya kai gare shi. 'Yata, ki kuma duba lambar kulon (clone), wato lambar da ke nuna nau'in antibodin, a jikin kwalbar, domin wani ɗalibina ya taɓa karɓar 29F.1A12, wanda na gano PD-1 na ɓera ne, ya zuba wa jinin mutum.

Ɗalibar digiri na biyu, Katsina:
Allah ya saka muku da alheri. Malama, na duba, EH12.2H7 ne, na ɗan Adam. Sai dai jinin abokan karatuna masu lafiya na gwada ba tare da na motsa ƙwayoyin ba. Gobe in Allah ya yarda zan fara da ƙwayoyin robar.