Safar hannu mai launi biyu ta ƙi shiga hannu, ku taimaka

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sanyin Jos ya kankama, ƙanena kuma tun bayan asuba yake fita da Keke Napep. Na ce bari in saƙa masa safar hannu mai barin yatsu a waje, ya samu ƙirga canji da latsa waya ba sai ya cire ba. Wuyan hannun da baƙin zare zalla na yi, lafiya lau. Ina shigo da ja don fitar da zane sai saƙar ta tsuke, ko hannuna ya ƙi wucewa balle nasa. Ga zare birjik ta ciki, yatsa sai maƙalewa yake. Sau biyu ina warwarewa. Ina kuskuren yake?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Zaren da ke jira ta baya, shi kike ɗamewa. Kafin ki ɗauko shi, ki baza idanun saƙar, wato madaukan zaren da ke kan allurar dama, su miƙe, sannan ki ratso da shi sako-sako. Kada ki bari ya tsallake sama da ido huɗu ko biyar, ki sarƙe shi da ɗan uwansa a tsakiya, shi ke hana yatsa maƙalewa. Ni har juya saƙar nake yi, bayanta ya koma waje, ta yadda zaren zai bi doguwar hanya ko bai so ba.

Ummu Sudais: Hajiya ta gama magana. Ina Aberdin ta Sikotland, ƙasar nan gidan wannan saƙar ce. Sunanta Fair Isle, sunan wani ɗan tsibiri a Shetland, ta yi suna tun 1921 da yariman Birtaniya ya fito da rigar sanyi irinta. Za ki ga launi biyar a jikin safa ɗaya, amma launi biyu kacal suke riƙewa a kowane layi. Su da gashin tunkiya suke yi, shi yana kama junansa. Ulun kasuwanninmu yawanci na roba ne, santsi gare shi, sai kin ƙara lura.

Anti Lami: Ki canja allura in kin zo wurin zanen. In da mai kaurin lamba 3 kika yi wuyan, ki koma mai lamba 3.5. Kuma don Allah, mai keke zai yi godiya ko da baƙi zalla ce, wa zai tsaya kallon zane da duku-duku?

Maman Hanifa: Anti, ba ki san shi da gayu ba ne. Hajiya, na juya bayan waje, na yi layi takwas, hannuna ya wuce har da sauran wuri. Allah ya saka da alheri. To babban yatsa fa, in ci gaba da zanen ta kansa?

Hajiya Babba: A'a. Ki zare idanunsa ki ajiye a kan wani guntun zare, ki ƙarasa tafin hannun, ki dawo ki yi shi da baƙi kawai. Layi biyar ko shida ya isa.