Rijiyarmu tana kusa da masai, ruwan zai shawu kuwa?

Maman Ilham: Salam jama'a, tunda damina ta kankama ruwan rijiyarmu ya canza kala, yara suna ta gudawa kuma masai bai fi taku goma da ita ba. Ya zan yi don Allah?

Abban Sadiq: Subhanallahi Hajiya yayi kusa sosai, mita 30 ma'aikatan lafiya ke cewa, in ƙasa ta jiƙe ƙazantar ta ƙarƙashi take bi ta shiga rijiyar. Ki dinga tafasawa, yaran kuma a basu ORS (ruwan gishiri da suga na masu gudawa) a kaisu asibiti yau, kwalara bata jira.

Ummu Haidar: In ma alam za ki sa a ruwan, shi fa laka kawai yake kwantarwa, baya kashe ƙwayoyin cuta. A daina yar da guga a ƙasa kuma.

Baba Tela: Mu tun kakanni muke sha lafiya lau.

Abban Sadiq: Baba ai da gidaje basu matsu haka ba.