Neman shawara: sarewar da na haɗa ta ƙi hawa sautin sama

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka, abin ya ɗaure min kai. Sarewar nan ta kiɗan mutanen Ailan mai rami shida, wadda ake busawa ta baki kamar usur, ita nake son haɗawa a kan sautin D. Fayif ɗin wayarin fari mai milimita 20 na samu, na yanke santimita 30 cif. Na gurje shi da samfefa ciki da waje har yana sheƙi, na goge rubutun da ke jikinsa, na wanke da ruwan ɗumi da sabulu, na shanya a inuwa don kada rana ta lanƙwasa shi. Toshiyar bakin da icce na fere ta, ramukan kuma da ƙusa mai zafi na huda. Sautin ƙasa yana fita, amma da na ƙara iska don ta hau sama sai ta shaƙe, kuma in na ɗan jima ina busawa sai muryar ta dishe gaba ɗaya. Fayif ɗin ya kusa ƙarewa, ina tsoron sake yankawa.

Malamin kiɗa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba ka faɗi faɗin cikin fayif ɗin ba, ba ka faɗi girman taga (ramin kusa da baki, inda iska take bugun kaifi ta ba da sauti) ba, kuma su ne maganar. Amma ko ba ka faɗa ba, fayif ɗin ne matsalarka. Mai milimita 20 cikinsa kusan 17 ne, ƙaramar sarewar D kuwa 12 zuwa 13 take so, wato fayif mai 16 a waje. Ciki mai faɗi a gajeren jiki yana cika sautin ƙasa, ya hana na sama fita. Ka nemo mai 16. Daga kaifin taga zuwa gindi ka bar santimita 28, ka rufa wa kanka asiri ka riƙa ragewa milimita biyu-biyu kana dubawa da manhajar auna sauti a waya har ta nuna D, wajen girgiza 587 a daƙiƙa. Zai tsaya tsakanin 26 da 27. Sai bayan nan ake huda rami.

Mai tambaya: Na gode Malam. Amma fa sautin ƙasan yana da daɗi sosai, shi ya sa ban ga laifin fayif ɗin ba. Kuma mai 16 ɗin ba a samunsa a wajenmu.

Kafinta: Malam, da girmanka, ni taga nake zargi kafin fayif. Ɗan'uwa, auna daga ƙarshen toshiya zuwa kaifi. In ya wuce milimita 5 ya yi yawa. Ka tura toshiyar gaba har ya koma 4, faɗin tagar ya zama 7 ko 8. Gajeriyar taga tana sauƙaƙa hawa sama, doguwa tana ƙara ƙarfin ƙasa. Hanyar iska, wato tsagar da ke saman toshiya, kada zurfinta ya wuce milimita ɗaya da rabi. Kaifin ka goge shi da magagari a karkace, ka ɗan dakushe bakinsa da samfefa mai laushi. Dishewar kuma iccen ne yake shan danshin numfashi ya kumbura. Ka ciro toshiyar ta bushe, ka shafe ta da narkakken kyandir. Abin takaici, iccen da ake sayarwa yanzu ɗanye ne, ko mu a wajen aiki kullum da shi muke fama, ka haɗa ƙofa yau, damina ta zo ta ƙi rufuwa.

Malamin kiɗa: Gyaran taga zai rage, ba zai warkar ba. Kuma dishewa ba kumburi ba ne kawai, raɓar numfashi ce ke taruwa a hanyar iska. Ka toshe taga da yatsa ka hura da ƙarfi, sannan ka ɗiga ruwan sabulu kaɗan a ciki ya bushe. Ramukan ma na san a jere ka yi su da tazara ɗaya. Ana auna su ne daga kaifi, a kan kashi 42, 50, 58, 67, 73 da 83 cikin ɗari na tsawon kaifi zuwa gindi. Ka fara da milimita 4, daga ramin ƙasa zuwa sama, kana faɗaɗawa har sautin ya hau daidai. In ka ƙirga daga wajen baki, na biyar shi ne babba, wajen 8, na huɗu ƙarami. Ka ɗumama ta da busa kafin ka auna, don sanyi yana saukar da sauti. Ƙusa mai zafi kuma ka daina: hayaƙin wannan robar yana cutar da ƙirji, bakin ramin kuma yana tashi tudu, yatsa ya kasa rufe shi.

Mai tambaya: Malam, tazara ɗaya na yi da gangan, don yatsuna su zauna daidai. Ba ni da injin huda kuma.

Mai walda: Tsinin almakashi ma yana faɗaɗa rami in ka juya shi a hankali. Ni dai da za ka ji tawa, ka bar roba. Ta asali da Robert Clarke ya fara yi a Ingila a 1843 fallen gwangwani ce aka naɗe, ta tsuke zuwa gindi, da toshiyar icce. Tsukewar nan ce take daidaita sautin sama da na ƙasa, miƙaƙƙen fayif kuwa samansa yakan ɗan sauka. Sai dai kada ka like da dalma abin da zai shiga baki. Mutane sun raina aikin gwangwani, kowa ya koma roba, sai abu ya lalace a tuna da mu.

Malamin kiɗa: Kada ka kai shi nesa, wanda bai gama taga ba ina shi ina naɗe falle. Ƙanena, in mai 20 kawai gare ka, ka yi sarewar sautin G, tsawon kaifi zuwa gindi wajen santimita 40. In lallai D kake so, ka ɗauki mai 25 ka yi babbar D, wajen santimita 54, amma sai ka iya buɗe yatsu sosai.

Mai tambaya: G ba za ta yi min ba, darussan da nake bi duk a D suke. Ina ganin zan cike ramukan da gam in sake hudawa a jikin wannan ɗin.

Kafinta: Kafin ka taɓa gam, ɗauko rula. Milimita nawa ne tagar?