Waɗanda suka taɓa sayen gidan farko a Kaduna, ku zo ku ba mu labari

Ɗan Kawo:
Salamu alaikum jama'a. Shekara 9 kenan ina haya a Kawo, bana mai gida ya sake ƙara kuɗi kuma wai na shekara biyu yake so a dunƙule. Na ɗan tara abin da na tara, ga adashin ofis zan kwasa ƙarshen wata, amma kaina ya kulle, in sayi fili can wajen Rigachikun in dinga ɗora bulo a hankali ko in nemi bashin gida in sayi ginanne? Dan Allah wanda ya yi da kansa nake so ya yi magana, banda "an ce".

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ni ta NHF na bi. Tun da na fara aiki ake cire min kashi 2.5 a albashi ban ma san na mene ne ba, sai wani abokin aiki ya ce ai asusun gidaje ne na FMBN, bankin lamunin gidaje na gwamnatin tarayya, kuma duk wanda ake cire masa yana da damar neman rance. Ruwan kashi 6 ne, biya har zuwa shekara 30, amma fa suna duba shekarun aikin da suka rage maka da ƙarfin albashinka, abin da za a dinga cira duk wata ba ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Kuma ba kai tsaye kake zuwa ba, ta wani bankin lamunin gidaje ake bi shi ya kai takardunka. Abin da ya ci min lokaci ba kuɗin ba ne, gidan ne. Gida biyu na gani na ji sun kwanta min, ɗaya a Kinkinau ɗaya a Hayin Banki, duk babu C of O, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, sai takardar ciniki da sa hannun mai unguwa, banki kuwa ko kallonta ba ya yi. Na uku ne ya yiwu. In kana da asusun fansho tambayi masu riƙe maka shi, tun 2022 an yarda mutum ya ɗauki har kashi 25 ya zuba a kason da banki ke nema daga gare shi.

Maman Tagwaye:
Ƙanina ni dai tsaya ka ji tawa kafin ka ba kowa ko sisi. Mun sayi fuloti 50 da 100, ni na sayar da sarƙata da ɗan kunne maigida ya haɗa da nasa, dillalin kuma ɗan unguwarmu ne tare suke sallah da maigida shi ya sa ko tambaya ba mu tsananta ba. Aka rubuta takarda shaidu suka sa hannu aka ba da la'ada aka yi fatiha kowa ya watse. Wata biyar muka kawo tifar yashi da dutse, washegari sai ga wata dattijuwa da 'ya'yanta wai filin gado ne ba a raba ba, yayansu ne ya sayar shi kaɗai kuma ya bar gari. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Kusan shekara biyu ana zaman sulhu da zuwa kotu, ƙarshe kuɗinmu aka dawo mana da shi kaɗan-kaɗan kamar sadaka, lokacin kuɗin ko rabin fuloti ba ya saye a wajen. Yashin ma yara suka kwashe. Na biyun da muka saya sai da na ce a tara min duk magada har matan da ke gidan aure, kowa ya dangwala hannu a gaban lauya, ana ta cewa Hajiya kin cika tsanani na ce eh na ji.

Ɗan Kawo:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Hajiya. To yanzu ta ina mutum zai gane fili mai tsafta ne?

Abu Hanan:
Malam ka karɓi lambar fayil ɗin filin ka je KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, a bincika maka, za ka ga sunan wa ke kai, ko an jinginar da shi a banki, ko wurin hanya ce za ta bi. Ni haka na yi, na kuma kai safiyo ya auna ya nuna min duwatsun iyaka da idona, ashe maƙwabci ya ci kusan ƙafa huɗu da katangarsa, aka rage min kuɗi. Bayan ciniki kuma akwai yardar gwamna a kan canjin suna, dokar filaye ta 1978 ce ta ce haka, mutane da yawa suna tsallake wannan sai ranar da za su sayar ko su nemi rance su ga har yanzu sunan tsohon mai shi ne. Ka ware kuɗin lauya da safiyo da la'ada da na canjin suna daban tun yanzu, ni ban lissafa su ba sai da na ranci kuɗi wajen yayana.

Malamin Islamiyya:
Ni maganar ruwan ce ta hana ni. Bankin Musulunci na Jaiz na je, su tsarinsu ku haɗa kuɗi a sayi gidan kana biyan haya kana sayen kasonsu har ya zama naka. Su ma C of O suka fara tambaya. Ka sa a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe ka kwana da shi tukuna.

Oga Kafinta:
Ni ban ci bashin kowa ba, adashi da kofareto suka gina min a Rigasa. Amma kar a ruɗe ka da "a hankali" ɗin nan, na zuba fandisho siminti bai kai 3,000 ba, kafin in kai linta ya haura 8,000, duk lissafina ya wargaje. Da na ga haka sai na rufe ɗaki da falo da banɗaki kawai na sa ƙofa muka tare ko filasta babu, uwargida ta yi fushin sati biyu, kuɗin hayar da na daina biya shi ya yi sauran ɗakunan. Sannan ka je ka ga filin a watan Agusta bayan an tafka ruwa, ba da rani ba da ko'ina ya yi fes. Mutanen Kigo Road da na bakin kogi sun san abin da nake faɗa.

Ɗan Kawo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira mai filin Rigachikun ɗin yanzu na ce ya turo min lambar fayil, ya ce wai takardun suna wajen ƙaninsa a Zariya sai ya dawo, kuma akwai wani da zai kawo kuɗi ranar Asabar in ban yi sauri ba.

Maman Tagwaye:
Bar shi ya sayar wa na Asabar ɗin. Ka tambaye shi su nawa ne a wajen babansu.