Romo ne ko ruwan kaza? Mu tsayar da sunan "chicken stock" da Hausa

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu girki da masu kishin harshe. Ina so mu tsayar da magana ɗaya a kan abin da Turawa ke kira "chicken stock". Duk mai rubuta girki da Hausa ta san wurin nan. Kin rubuta a soya albasa, a zuba kayan miya, sai kin iso kan wannan ruwan hannunki ya tsaya. Wata ta rubuta "stock" yadda yake, wata ta ce ruwan kaza, wata ta ce romo, wata ma ta tsallake gaba ɗaya ta ce a jefa dunƙule biyu. Mai karatu tana can gaban murhu ta rasa wanne ake nufi.

Kafin a raɗa masa suna, mu fara sanin abin da ake magana a kai, domin rabin gardamar da na gani a jiya, da muke muhawara kowa na kawo sunan da yake ganin ya dace da shi, ta taso ne daga nan: kowa da tukunyar da yake hangowa.

Ƙasusuwan kaza ake tarawa: ƙashin baya, wuya, fukafukai, ƙafafu bayan an saɓule fatar an yanke farata, da ƙirjin da aka riga aka yanke tsokarsa. A wanke, a zuba a tukunya, a zuba ruwan sanyi har ya sha kansu. Kilo 1 na ƙashi, ruwa kamar lita 2. A ɗora a wuta. Kafin ya tafasa za ki ga kumfa mai toka-toka tana taruwa a sama, ki bi ta da ludayi ki kwashe. Sannan a saka albasa da karas da seleri, wani ganye mai ƙamshi. Faransawa sukan yi albasa kashi biyu, karas kashi ɗaya, seleri kashi ɗaya. Daga nan sai a janye wuta, a bar shi yana ɗan motsi, nan ɓul can ɓul, awa 3 zuwa 4. Idan aka bar shi yana tafarfasa, kitse da kumfa za su dake cikin ruwan ya yi duhu ya gurɓace. A ƙarshe a tace da rariya ko tsaftataccen ƙyalle, a zubar da ƙashi da ganyen, don sun riga sun ba da abin da ke jikinsu. Hanta kuwa ba ta shiga, tana ɓata launi ta kawo ɗaci-ɗaci. Ki soya abarki daban.

Abu biyu nake so a riƙe. Na farko, ba a sa gishiri, balle dunƙule. Dalili shi ne ruwan ba a nan zai tsaya ba, gobe zai shiga dafa-duka ko miya ya ƙara tsotsewa, kuma ruwa ne ke tafiya, gishiri yana nan daram. Na biyu, idan ya yi kyau, in ya kwana a firji yakan daskare ya riƙa rawa a cikin roba. Wannan ba kitse ba ne, kitsen yana can sama ya yi fari ana iya ɗaye shi da cokali. Abin da ke cikin guringuntsi da jijiya da fata ne, wanda masana ke kira kolajin, doguwar dahuwa ta narkar da shi ya koma jelatin. Duk wadda ta taɓa dafa wa mai jego ƙafar saniya, ta ga yadda ragowar ke kamawa da safe har leɓe ya riƙa mannewa in an sha, ta san abin. Shi ya sa kazar Hausa da tsohuwar kaza da ta gama ƙwai suka fi buroila a wannan aiki nesa ba kusa ba. Buroila 'yar sati shida ko bakwai ce, ɗanɗanonta bai kama ƙafar nasu ba.

To, yanzu sunayen da kuka kawo a muhawarar, zan amsa wa kowa.

Hajiya, ke kika ce "ruwan kaza", kamar yadda muke cewa ruwan nama, kuma wallahi hujjarki mai ƙarfi ce, domin ita ce kalmar da ke bakin mata a kicin. "Ki ajiye ruwan naman, da shi za mu yi jalof." Kowa ya ji ya gane. Amma ki duba abin da muke nufi in mun faɗi haka. An sulala nama da albasa da kori da tayim da gishiri da dunƙule, minti ashirin ko talatin, an tsame an soya, ruwan da ya rage shi ne ruwan nama. Naman aka nufa, ruwan ya biyo baya. A "stock" kuwa ruwan aka nufa tun farko, ƙashin ne ake zubarwa. Idan na rubuta "ki zuba ruwan kaza kofi huɗu" a girkin da aka auna gishirinsa da "stock" marar gishiri, ƙanwata amarya za ta ɗauko ruwan sulalenta mai dunƙule uku ta zuba, ta ƙara gishirin da na rubuta, abinci ya ƙi ciwuwa. Ba laifinta ba ne, sunan ne ya ɓatar da ita. Don haka ruwan nama da ruwan kaza su zauna a inda suke, suna da aikinsu, kada mu ɗora musu wani.

Masu cewa a are ta kawai a rubuta "sitok", ban ƙi aro ba. Kori da magi da firji duk aro ne, sun zauna lafiya. Amma akan ari abin da babu a gida ne. Ga shi kuma ita kalmar a Turancin ma kaya ne da ita niƙi-niƙi: hajar da ke jibge a sito "stock" ce, hannun jari "stock" ne, dabbobin kiwo ma haka. Bahaushen kasuwa in ya ji "sitok", kayan shago zai fara tunawa.

Wani malami ya kawo ta Larabci, "maraƙ". Malam, Allah ya ƙara sani, kalmar daidai take a can. Sai dai da ta shigo bakinmu za ta koma maraƙi, ga kuma ɗan saniya yana riƙe da sunan.

An kuma ambaci "tsimi", saboda daɗewar da ake yi ana tatso abin da ke cikin ƙashi. Tunanin ya burge ni, amma tsimi a kunnen Bahaushe ya riga ya tafi wajen magani da jiƙe-jiƙe. Ba zai shiga tukunyar shinkafa ba.

'Yar'uwarmu ta Damagaram ta tunatar da mu cewa a Faransanci kalma biyu ce, kuma wannan ya taimaka ƙwarai. Akwai "bouillon", daga kalmarsu ta tafasa, akwai kuma "fond", wato tushe ko ƙasan abu. Shi "fond" shi ne namu na yau. Shahararren kukun nan Auguste Escoffier, a littafinsa na girki na 1903, da irin waɗannan ruwaye ya buɗe bayani, saboda a kansu ake gina miyoyin Faransawa. Daga nan wasu suka ce to mu ce "tushen miya" ko "uwar miya". Na juya su a baki, ba su zauna ba. In kika ce tushen miya, ni jajjage ko markaɗe zan ɗauka, wata kuma ta ce daddawa. Sannan ba miya kaɗai yake shiga ba: shinkafa, taliya, faten dankali, faten wake, dambu ma akan yayyafa masa. Abin da na ɗauka daga Faransancin shi ne darasin: su ma sai da suka raba ruwan da ake sha da ruwan da ake girki da shi.

Saura romo, kuma a nan nake so mu daɗe.

Romo tamu ce tun kaka da kakanni. Romon kaza, romon kai, romon ganda, romon kifi. Abin da ya fi ja min hankali shi ne karin maganar da kowa ya sani: mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Ku dubi abin da ke cikinta. Abu mai tauri, doguwar dahuwa, haƙuri, sannan ba dutsen za a ci ba, abin da ya fito daga jikinsa ake so. Ai wannan shi ne bayanin "stock" daga farko har ƙarshe. Haka in muka ce romon dimokuraɗiyya, amfanin da aka tatso muke nufi. In muka ce romon baka, daɗin ne ba tare da tsoka ba. Ko'ina ka juya, romo na nufin daɗin abu da ya fita ya shiga ruwa. Kalmar da ta riga ta ɗauki wannan ma'ana ba a barinta a tafi neman wata.

Yaya, na ga ƙorafinka, kuma gaskiya ne. Ka ce a gidan Bahaushe in an ce romo, kwano ake miƙowa. Romon farfesu ne, da citta da masoro da kanumfari da attaruhu, a sha da zafinsa ko a tsoma burodi ko gurasa. Wanda aka ba ruwan ƙashi marar gishiri aka ce masa ga romo, zai ce wannan salam yake. Haka ne. Ke nan romo ita kaɗai ta yi faɗi, tana bukatar abokiyar tafiya da za ta nuna wane romo.

Mafi yawanku kun zaɓi "romon ƙashi", ni ma da can nan zuciyata ta karkata, don ya faɗi gaskiyar abin. Amma akwai matsalar da ba za a kau da kai a kanta ba. Mutane da yawa wayoyinsu ba su da ƙ mai lanƙwasa, waɗanda ke da ita ma ba kullum suke dannawa ba. Ƙashi in ya rasa lanƙwasarsa kun san abin da ya koma, balle a ce an jingina shi da kaza. Sunan abinci da za a riƙa rubutawa a WhatsApp da Facebook dare da rana bai kamata mutuncinsa ya rataya a kan lanƙwasa ɗaya ba. A baki lafiya lau yake, a rubuce ne yake da haɗari, mu kuwa don rubutu muke neman sunan.

Shawarata ita ce "romon girki".

Romo ya faɗi mene ne, girki ya faɗi don me. Ba na sha ba ne, na zubawa a tukunya ne, kamar yadda muke cewa man girki, gishirin girki. Babu harafi mai lanƙwasa ko ɗaya a ciki, ko wace irin waya za ta rubuta shi daidai. Kuma yana karɓar kowane iri ba tare da an canza shi ba: romon girki na kaza, na naman sa, na zabo, na kifi. Har wanda ake yi da ganye zalla ba ƙashi ko ɗaya, inda "romon ƙashi" zai tsaya cak, wannan zai wuce: romon girki na ganye. Ku gwada shi a jimla ku ji. "Ki zuba romon girki ludayi uku, ki rufe." "Akwai sauran romon girki a firiza?" "Yau ba da ruwa na dafa shinkafar ba, da romon girki ne." Ni dai ban ji inda harshe ya yi tuntuɓe ba.

Da wannan, abubuwa uku sun rabu, kowane da sunansa. Ruwan kaza shi ne na sulale, mai gishiri da kayan ƙamshi. Romo, in an faɗe shi haka kawai, shi ne na sha. Romon girki shi ne na ƙashi mai doguwar dahuwa, marar gishiri.

Akwai wadda ta tambaya, to dunƙule fa? Ai shi sunansa ya daɗe da zama, ba mai taɓa shi. Abin da ya kamata a sani shi ne asalinsa ƙoƙari ne na maye gurbin wannan romon a sauƙaƙe. Kamfanin Julius Maggi na ƙasar Suwizalan ya fito da dunƙulensa a 1908, kamfanin ya koma hannun Nestlé a 1947, sunan kuma ya bi mu har ya zama kowane dunƙule magi ne. Yana da amfaninsa, ban hana kowa ba. Sai dai gishiri ne kan gaba a cikinsa, kuma ba zai ba miya wannan kaurin da ƙafar kaza ke bayarwa ba. Abin da ke ci min rai shi ne ganin yadda ake barin wuya da ƙafafu da ƙashin baya a wajen masu fige kaji a kasuwa, ko a karɓo a jefa wa kyanwa, sannan a tsaya a shago a sayi ɗanɗanon kaza a takarda. Ina ganin rashin suna na cikin abin da ya jawo haka. Abin da ba a kiran sunansa a girki, yarinya ba za ta taso ta san ana yinsa ba.

Wadda za ta gwada, ga maganar ajiya, don a nan ake yin asara, musamman a zafin Maris da Afrilu. Kada a bar shi a tukunya ya huce da kansa har dare. A tace, a raba a ƙananan robobi, ko a tsoma tukunyar a bahon ruwan sanyi, ya shiga firji kafin awa 2. A firji kwana 3 zuwa 4 ne, a firiza yana kai wata 3 da daɗinsa. Inda wuta ba ta zama, ki ƙara dafa shi bayan tacewa har ya tsotse ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, ki zuba a farantin ƙanƙara. Ba ya cin wuri, in an tashi aiki a ɗauki ƙwaya biyu ko uku a ƙara ruwa. Idan kuwa wuta ta daɗe babu har ya narke ya ɗumama, ko kika ji ya fara tsami, zubar da shi, sake tafasawa ba ya gyara komai da komai.

Abu ɗaya ya rage da ban yanke ba. Faransawa sun raba shi gida biyu: wanda aka dafa ƙashin ɗanye, ruwan ya fito garau, da wanda aka fara gasa ƙashin har ya yi ja kafin a dafa, ruwan ya fito da duhu da ƙamshin gashi. Na farkon "farin romon girki" ya ishe shi. Na biyun ina tsakanin "jan romon girki" da "romon girki na gashi". Masu gidajen abinci da malaman makarantun koyon girki, ku ne kuke yin sa kullum, ku faɗa mana wanda ya fi sauƙi a bakin yaran kicin ɗinku.